Kundin aiki: babin daidaito mai x a hagu da dama, na 'yan ƙaramar sakandare

Litinin, 13 ga Janairu

An rufe babin da x yake gefe ɗaya, irin su 3x + 4 = 19. Yau aka buɗe mai bi masa, inda x yake hagu kuma yake dama. Littafin na 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ne, da 'yan aji uku masu bita kafin jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare. Bayanin da Hausa yake, amma alamomi da tsarin layuka sai yadda yaro zai gan su a takardar jarrabawa, tunda can ba da Hausa za a tambaye shi ba.

Kalmomin da aka tsayar, kuma ba za a sauya su ba har ƙarshen babi: “daidaito” shi ne duk layin da yake da alamar =; “lamba zalla” ita ce wadda ba ta tare da harafi, kamar 3 da 18; “lambar x” ita ce wadda ke manne da shi, kamar 5 a cikin 5x; sai “gefen hagu” da “gefen dama”. An ƙi “ɓoyayyen adadi” a matsayin sunan x saboda tsawo. Sau ɗaya za a faɗe shi a shafin farko, daga nan sai a riƙa cewa x kawai, yadda ake yi a aji.

Misalin buɗe babi shi ne 5x + 3 = 2x + 18. An zaɓe shi ne don babu alamar ɗebewa ko ɗaya a cikinsa, kuma babbar lambar x tana hagu, inda idon yaro ya saba ganinta.

Alhamis, 16 ga Janairu

Batun da aka fi daɗewa a kai shi ne dokar da kusan kowane yaro ya zo da ita a baki: “in lamba ta tsallaka, sai ta canza alama”. Dokar tana ba da amsa daidai a tarawa da ɗebewa, shi ya sa ta daɗe. Inda take cutarwa shi ne mataki na ƙarshe. Yaro ya iso 3x = 15, ya ga 3 zai tsallaka, sai ya canza masa alama ya rubuta x = 15 ÷ (−3), ya samu −5. Wani kuma ya rubuta x = 15 − 3, ya samu 12, don a wajensa tsallakawa ɗebewa ce. Dukansu biyun sun bi dokar da aka ba su ne. Dokar ce ba ta gaya musu cewa 3 ɗin nan ninki ne ba, kuma ninki rabawa ke warware shi.

An yanke shawarar kalmar “tsallaka” ba za ta fito ba a shafuka huɗu na farko. A madadinta, jimla ɗaya: abin da ka yi wa hagu, yi wa dama. Hoton da zai riƙe wannan shi ne sikeli mai faranti biyu, irin na masu sayar da nama da masu awon ƙusa. A farantin hagu ƙullin sukari 5 da dutsen awo 3, a na dama ƙulli 2 da dutse 18, sikelin kuma a tsaye yake daidai. Kowane ƙulli nauyinsa ɗaya da ɗan'uwansa, ba a dai san nauyin ba.

Ɗauke ƙulli 2 daga kowane faranti: 3x + 3 = 18
Ɗauke dutse 3 daga kowane faranti: 3x = 15
Raba abin da ke kowane faranti gida 3: x = 5

Za a zana sikelin sau huɗu, ɗaya a kan kowane layi, ƙullin da aka ɗauke a soke shi da layi amma a bar shi ana gani. Zanen farko da aka yi ya goge su gaba ɗaya, sai ya zama mai karatu bai ga abin da ya tashi ba, ya ga sakamako kawai. An mayar a gyara.

A ƙarƙashin kowane misali akwai layin gwaji, kuma ba na zaɓi ba ne. A mayar da 5 cikin daidaiton asali, kowane gefe daban: hagu 5 × 5 + 3 = 28, dama 2 × 5 + 18 = 28. A rubuta su a layi biyu. In aka haɗa su a layi ɗaya da alamar = a tsakani tun kafin a lissafa, yaro yakan kwafi lambar hagu ya sa a dama ya wuce.

Asabar, 18 ga Janairu

Misali na biyu: 2x + 9 = 7x − 6. Babbar lambar x ta koma dama. Hanya biyu ce, kuma duka za a nuna su gefe da gefe.

In aka ɗebe 2x daga kowane gefe, ana samun 9 = 5x − 6, a ƙara 6, 15 = 5x, a raba da 5, 3 = x. In kuwa aka dage sai x ya taru a hagu, ana ɗebe 7x, a samu −5x + 9 = −6, sannan −5x = −15, sannan a raba da −5. Amsa ɗaya ce, amma ta biyun ta bi ta lambobi uku masu alamar ɗebewa, kuma kowace ɗaya rami ce. Shawarar da littafin zai bayar: ɗebe ƙaramin x. Shawara ce, ba doka ba, an kuma rubuta hakan ƙarara, don kada wani malami ya soke amsar yaron da ya bi ɗaya hanyar.

Ƙaramin abu amma sai an faɗa: 3 = x da x = 3 magana ɗaya ce. Akwai masu ganin 3 = x su ɗauka aikin bai ƙare ba, su juya shi, su kuma canza alama wajen juyawar, su ƙare da x = −3. An ƙara layi ɗaya: in ka musanya farantan sikeli, nauyi ba ya canzawa.

Laraba, 22 ga Janairu

Sikeli ya kai iyakarsa. A 4 − 3x = x − 12 babu yadda za a ɗora “ban da ƙulli uku” a faranti. A 4x + 11 = x + 2 kuwa amsa −3 ce, ƙullin sukari mai nauyin ƙasa da sifili kuma babu shi. An gwada zana balan-balan mai jan faranti sama a matsayin lamba mai alamar ɗebewa. Bayanin balan-balan ɗin ya fi daidaiton kansa wuya. An yar da shi. Daga shafi na uku za a faɗa wa mai karatu kai tsaye cewa hoton ya tsaya a nan, amma ƙa'idar tana nan, za a kuma riƙa rubuta aikin da aka yi a ƙarƙashin kowane gefe:

4 − 3x = x − 12
a ƙara 3x hagu da dama: 4 = 4x − 12
a ƙara 12 hagu da dama: 16 = 4x
a raba da 4: 4 = x

Gwaji: hagu 4 − 12 = −8, dama 4 − 12 = −8.

Kuskuren da ake jira a nan shi ne wajen zaɓen “ƙaramin x”. Tsakanin −3x da x, yaro yana ganin 3 ya fi 1, sai ya ce x ne ƙarami. A layin lamba −3 ne ƙarami. Maganar bashi ta fi saurin shiga: wanda ake bi naira uku ya fi mai naira ɗaya a aljihu talauci. Kuma ana kawar da −3x ne ta hanyar ƙara 3x, kamar yadda ake kashe bashi da biya.

Wannan matakin yana da tsohon suna, kuma za a sa shi a ɗan akwati a gefen shafi. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa al-Ma'amun, ya rubuta littafinsa na hisabin al-jabr da al-muƙabala wajen shekara ta 820. Al-jabr shi ne cike abin da aka ɗebe ta hanyar ƙara irinsa a gefe biyu, wato abin da muka yi wa −3x da −12. A Larabci kalmar ce kuma ake amfani da ita wajen ɗorin ƙashi, gyaran abin da ya karye. Al-muƙabala kuwa shi ne fuskantar da gefe biyu a soke abin da suka yi tarayya a kai, wato ɗauke ƙulli 2 daga kowane faranti. Daga al-jabr sunan aljabra ya fito. Shi bai yi amfani da harafi ko alama ba, da kalmomi ya rubuta komai, abin da ba a sani ba ya kira shi “shai'”, wato abu. Babban ɓangaren littafin kuma a kan wasiyya da rabon gado yake. Alamar = ta zo daga baya, Robert Recorde ne ya fara buga ta a 1557. Akwatin bai wuce layi takwas ba. Amfaninsa shi ne ɗalibin da ya yi Islamiyya ya san muƙabala, ya san gado, sai ya ga babin ba baƙo ba ne.

Litinin, 27 ga Janairu

An tace tambayoyin aikin gida na rukunin farko, guda 20. An fitar da huɗu.

Ta farko da aka fitar ita ce 5x + 1 = 3x + 5. Tana kaiwa ga 2x = 4. Mai rabawa zai samu 2, mai ɗebewa (4 − 2) shi ma zai samu 2. Tambayar da hanyar banza ke ba da amsar gaskiya ba ta gwada komai ba, ƙarfafa kuskure ma take yi. Daga yau duk tambayar da za ta shiga littafin sai an bi ta da sanannun kurakurai an tabbatar kowanne ya ba da amsa dabam.

Sauran ukun an fitar da su ne don bambancin lambobin x ɗinsu 1 ne, kamar 4x da 3x. Irin waɗannan sun yi yawa. A cikinsu ba a kaiwa ga rabawa sam, x yana fitowa shi kaɗai, alhali rabawar ce wurin tuntuɓe.

Yadda ake ƙera sabuwar tambaya, don masu ƙara wasu nan gaba: a fara daga amsa. A daidaito ax + b = cx + d, amsar ita ce (d − b) a raba da (a − c), muddin a da c ba ɗaya ba ne. Ka zaɓi x, ka zaɓi a da c da b, sai d ta fito da kanta. Misali x = 7, a = 6, c = 2, b = 5: hagu 47 ne, 2 × 7 = 14, saura 33, sai ka samu 6x + 5 = 2x + 33.

An kuma lura duk amsoshin rukunin cikakkun lambobi ne masu kyau, daga 1 zuwa 12. Wannan yana koya wa yaro cewa in ya ga rabi ko alamar ɗebewa a amsarsa to ya yi kuskure, sai ya goge daidai ya rubuta ba daidai ba. An saka 7x − 1 = 3x + 5, mai amsa 6/4, wato 3/2, da biyu masu amsa ƙasa da sifili. A 4x = 6 ana sa ran wasu su rubuta 4/6. Maganinsa tambayar baki: me ke manne da x? Da shi ake rabawa, shi ke zuwa ƙasa.

Alhamis, 30 ga Janairu

Baka, wato alamar ( ). Misalin farko 3(x − 2) = 2(x + 4). A buɗe: 3x − 6 = 2x + 8, x = 14, gwaji 36 da 36. Wanda ya ninka x kawai ya manta lambar da ke bayansa zai rubuta 3x − 2 = 2x + 4 ya samu 6, gwaji kuma zai ba shi 12 a hagu, 20 a dama. Nan ne dalilin da ya sa gwaji dole a daidaiton asali za a yi shi. In ya mayar da 6 cikin layinsa na biyu zai ga 16 da 16, ya yi murna, alhali layin ne gurɓatacce. An ja layi a ƙarƙashin kalmar “asali” a duk inda ta fito.

Za a zana kibiya biyu daga lambar waje zuwa kowane abu da ke cikin baka, a misalai uku na farko kawai.

Misali na biyu shi ne inda gizo ke saƙar: 10 − 2(x − 3) = x + 1. Abin da ke ninka bakar −2 ne, ba 2 ba. −2 sau x ya ba da −2x, −2 sau −3 ya ba da +6. Layin ya zama 16 − 2x = x + 1, sannan 15 = 3x, x = 5. Gwaji: 10 − 2 × 2 = 6, dama 5 + 1 = 6.

Kuskure iri biyu ne ke fitowa a nan, kuma daga amsar ana gane wanda aka yi. Amsa 1 tana nufin an rubuta −6 a maimakon +6: 4 − 2x = x + 1. Amsa 25/7 tana nufin an fara da 10 − 2 aka samu 8, aka ninka bakar da shi: 8x − 24 = x + 1. Na farko matsalar alama ce, na biyu matsalar jerin aiki ce, cewa ninkawa na gaba da ɗebewa. Gyaransu ba ɗaya ba ne, don haka a littafin malami za a jera amsoshin kuskure tare da musabbabin kowanne. Malamin da ke duba littattafai masu yawa a dare ɗaya ba shi da lokacin bin kowane layi. In ya ga 25/7 ya san inda zai duba.

Talata, 4 ga Fabrairu

An buga gwajin shafuka shida a shagon kwamfuta, aka yi musu hoto a injin kwafi don a ga yadda za su isa hannun ɗalibi. Matsala uku.

Alamar ɗebewa gajeriya ce, a kwafi na biyu ta ɓace a wurare da dama, har 4 − 3x ya koma kamar 4 3x. An sauya ta da doguwa, da tazara gaba da baya. Harafin x da alamar sau (×) sun yi kama ƙwarai a irin rubutun da aka zaɓa. Layin gwaji 5 × 5 + 3 ana iya karanta shi da x. An mayar da x mai lanƙwasa, irin wanda ake rubutawa a allo kamar baka biyu sun juya wa juna baya. Na uku, ɗ da ƙ da ɓ sun fito akwatuna a kwamfutar shagon saboda ba ta da irin rubutun. Daga yanzu PDF kawai za a kai bugu, kuma shi za a tura ta WhatsApp, don in aka kwafi lissafin aka manna shi a saƙo lambar sama da ta ƙasa suna hargitsewa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Lambobi masu sama da ƙasa. Ƙa'ida ɗaya: a kore su tun a layin farko, ta hanyar ninka kowane abu, hagu da dama, da ƙaramar lambar da duk lambobin ƙasa ke shiga cikinta ba saura.

x/2 + 1 = x/3 + 3. Lambar ita ce 6. Ana samun 3x + 6 = 2x + 18, x = 12, gwaji 7 da 7. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ninka masu lambar ƙasa kawai a bar 1 da 3 yadda suke, a samu 3x + 1 = 2x + 3, x = 2. Dabarar da aka sa: kafin ka ninka, ƙirga abubuwan da ke layin. Huɗu ne, to 6 zai bayyana sau huɗu. Za a rubuta layin tsakiya a fili, 6 × x/2 + 6 × 1 = 6 × x/3 + 6 × 3, ko da ya ci wuri.

Ninkawar gicciye, wadda yara ke so ƙwarai, tana aiki ne kawai in abu ɗaya ne a hagu, abu ɗaya a dama, kamar (x + 1)/3 = (x − 2)/2. Nan 2(x + 1) = 3(x − 2), 2x + 2 = 3x − 6, x = 8, gwaji 3 da 3. A misalin sama ba ta da wurin zama, amma sai an ga mai gicciya 2 da 3 ya bar sauran. An yi ta jayayya ko a ambace ta ko a yi shiru. Za a ambace ta, don ko an yi shiru sun riga sun ji ta, amma a matsayin gajeriyar hanyar ninkawa da 6, a nuna layin da aka tsallake.

Mafi wuya a rukunin: x − (x − 4)/2 = (x + 10)/3. Layin raba sama da ƙasa baka ce a ɓoye. In aka ninka da 6 dole a dawo da bakar: 6x − 3(x − 4) = 2(x + 10), sai 3x + 12 = 2x + 20, x = 8. Gwaji 8 − 2 = 6, da 18/3 = 6. Wanda bai sa baka ba zai samu −12 a maimakon +12, ya ƙare da 32. An shigar da 32 jerin littafin malami.

Masu ɗigo guda biyu kawai aka sa, don hanya ɗaya ce: 0.5x + 1.2 = 0.2x + 3, a ninka da 10, 5x + 12 = 2x + 30, x = 6. Abin lura 3 ɗin ƙarshe, shi ma sai ya koma 30.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Shafin da x ke ɓacewa. A 2(x + 3) = 2x + 5, in aka buɗe aka ɗebe 2x, saura 6 = 5. Ƙarya ce, kuma ko wace lamba aka sa a x ƙarya za ta kasance: hagu kullum ya fi dama da 1. Amsa: babu lambar da ta dace. A 3(x + 2) − x = 2x + 6 kuwa saura 6 = 6, gaskiya ce ko me x ya zama. Amsa: kowace lamba ta dace. Kafin a faɗi wannan, za a sa mai karatu ya gwada 0 da 1 da 10 a kowanne, ya ga abin da idonsa.

Na uku da ake rikita su da shi: 5x + 4 = 2x + 4. Wannan yana da amsa, 3x = 0, x = 0. Sifili lamba ce. “x = 0” da “babu amsa” ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a bakin yaro duka “babu” ne. Hausar kanta tana taimaka wa rikicin, shi ya sa a littafin ba za a taɓa kiran sifili “babu” ba. Akwai kuma wanda zai soke 4 da 4, ya ga 5x = 2x, ya raba da x, ya samu 5 = 2, ya ce babu amsa. Rabawa da x ita ce laifin, don x ɗin nan sifili ne, kuma ba a rabawa da sifili. Gargaɗi a akwati: x ana ɗebe shi ko a ƙara shi, ba a rabawa da shi a wannan babin.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Tambayoyin zance. An jefar da na farko da aka rubuta, masu cewa “na tuna wata lamba”, sai guda biyu, don ba sa nuna dalilin da zai sa x ya zo gefe biyu. Dalilin a rayuwa kusan kullum ɗaya ne: abu biyu suna canzawa, ana tambayar yaushe za su yi daidai.

Asusu: ɗaya yana da ₦6,000 yana ƙara ₦500 kullum, ɗaya yana da ₦2,000 yana ƙara ₦900 kullum. 6000 + 500x = 2000 + 900x, 4000 = 400x, kwana 10, kowa ₦11,000. Tanki: ɗaya na da lita 500 ana zuƙar lita 20 a minti, ɗaya na da lita 80 ana zuba masa 15 a minti. 500 − 20x = 80 + 15x, 420 = 35x, minti 12, kowanne lita 260. Kafin rubuta daidaito, ɗalibi zai cike ɗan jadawali na kwana 0, 1, 2, 3, don ya ga wace lamba ce ke tsaye, wace ce ake ninkawa. Ba tare da jadawalin ba ana samun 6000x + 500.

Shekaru: uba 38, ɗa 10, bayan shekara nawa uban zai ninka ɗan sau 3? 38 + x = 3(10 + x), x = 4, wato 42 da 14. Masu manta cewa uban ma yana girma sukan rubuta 38 = 3(10 + x). An bi ta da tagwaiyarta: yaushe zai ninka shi sau 5? 38 + x = 5(10 + x), x = −3. Amsar ba kuskure ba ce, shekara 3 da suka wuce ke nan, lokacin uba yana 35, ɗa yana 7. Kalmar “ninka” ta jawo gyara: a maganar yau da kullum “ya ninka shi” na iya nufin sau biyu kawai, don haka ko'ina sai an rubuta “sau” da lambarsa.

Kowace tambayar zance tana farawa da layin “x shi ne…” tare da ma'auni, kwana ko minti ko shekara, kuma amsa tana ƙarewa da jimla, ba lamba tsirara ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An dawo da “tsallaka”, a shafi na tara, bayan baka da kafin tambayoyin zance. Ba a iya hana ta ba, littattafan Turanci da yawa da ita suke aiki, kuma ɗalibin da ya gane abin da yake yi yana da haƙƙin rage layuka a jarrabawa. An gabatar da ita a matsayin taƙaitawa: layi uku na ƙarawa a gefe biyu, sannan layi ɗaya na tsallakawa, amsa ɗaya. Da sharaɗi biyu a rubuce. Abin da aka tara ko aka ɗebe ne kawai ke canza alama. Lambar da ke manne da x ba ta canza alama, rabawa ake yi da ita yadda take, in −5 ce a raba da −5.

Abin da ya rage: jerin amsoshin kuskure bai kai rukuni na huɗu ba, zanen sikeli na biyu har yanzu farantin dama ya ɗan rinjaya a hoto alhali ya kamata su tsaya daidai, kuma tambaya ta 17 a rukunin baka tana ba da 41/13, wanda da alama an juya alamar wata lamba ne wajen bugawa. Za a sake ƙera ta daga amsa ranar Asabar.